Rasuwar Mai-Rabo, Kwamfutar da Ke Aiken Gwaggo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, Musaddiq Jaji Aujara, mai kula da injuna a ɗakin buga takardu na Alhaji Ɗan'inna da ke Takur, Dutse, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Mai-Rabo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, tana bakin aiki, bayan jinyar mako uku.

Marigayiyar ta zo Dutse a 1996 cikin kwali, kuma har ta koma ba ta buga ko harafi ɗaya ba. Aikinta ya fi ƙarfin haka. Kwamfutoci shida ne a ɗakin, duk an haɗa su da ita da waya, kuma kowane minti sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar nauyin aikin da ke kan kowace, daga sifili zuwa ɗari. Wadda kayanta ya fi sauƙi, ita za ta tura wa sabon aiki. Sai dai ka ji "ɗin!", shi ke nan, hukunci ya fita.

Ba ta san ɗan gida ba, ba ta karɓar goro. Da shari'a ta zo Alhaji ya sa labule tsakanin maza da mata, ita kaɗai ke ratsawa ta ƙarƙashi, ba wanda ya ce uffan. Amma babbar falalarta, wadda Musaddiq ba ya ambata sai idonsa ya kawo ruwa, ita ce a duk faɗin Jigawa ita kaɗai ke iya aiken Gwaggo Kubura. Gwaggo yayar mahaifinsa ce, ita ta yaye shi, kuma ita ke kan kwamfuta ta huɗu. Da wane baki zai miƙa mata fayil ya ce a gama kafin azahar? Shekara biyar, duk sanda ta ɗaga labule ta harare shi, sai ya nuna kusurwa da haɓa ya ce ba shi ba ne, Mai-Rabo ce. Gwaggo ta yi tsaki, ta buga.

Ciwon ajali ya fara ne da kifi. Wani baƙo daga Haɗeja ya saka wa Gwaggo hoton kifaye masu iyo a fuskar kwamfutarta, don ado. Ashe kifayen nan ƙarfin inji suke ci, muddin suna iyo sai kwamfuta ta huɗu ta amsa da ɗari cif. Gwaggo ta ga kwana biyu ba a "ɗin" a wajenta, ta gane, ta ƙara kifi. Da yake ba marowaciya ba ce, ta sam wa Ikilima ta kusa da ita, irin ya tsallaka labule, kafin mako ya zagayo ɗakin ya zama kogi.

Musaddiq ya ga kifin, wannan ba zai ɓoye ba. Ya san maganin bai wuce ya ce wa Gwaggo ta kashe su ba. Sai ya je ya sayo wa Mai-Rabo fanka.

Marigayiyar ba ta san ƙarya ba, don haka ba ta zargi kowa ba. Duk aikin da ya zo sai ta riƙe a cikinta, tana jiran wani ya sarara. Takardun canjin wurin aiki na malaman makaranta ɗari huɗu da goma sha biyu daga Taura, waɗanda ake so ranar Litinin, duk ta haɗiye su. Jikinta ya yi zafi. "Ɗin" ya koma "kirrr", "kirrr" ya koma "ƙit, ƙit". Ranar Alhamis ta yi tambayarta ta ƙarshe, aka amsa mata da ɗari sau shida, ta saki ɗan hayaƙi mai warin roba, ta yi shiru.

Ta rasu ta bar kwamfutoci shida cikin ƙoshin lafiya, da firinta mai tari, da waya kamu tamanin, da kifayen da ba a ƙirga ba, da maraya ɗaya mai shekara talatin da huɗu. Alhaji Ɗan'inna ya yi ta'aziyya, ya ce sai haƙuri, ba za a sayi wata ba, kuma in ba a sake buga takardun Taura kafin Litinin ba, Musaddiq ya bi ta. Gwaggo ma ta aiko da tata ta bayan labule: "Allah ya ba ka haƙuri, ɗan nan. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin marar kunya irinta ba."

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla. Saboda haka za a mayar da ita kwalinta ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a ɗora kan kabad ɗin sito. Ba a buƙatar abinci, musamman kifi. Ana roƙon masu zuwa su tsaya bayan an gama, domin daga nan maraya zai rungumi fayil ya yi sallama a bakin labule. Kwana biyu yana gwada kalmomin a gaban madubi, ko ɗaya ba ta fito ba. Don haka zai durƙusa ne a gaban kwamfuta ta huɗu, ya ajiye wa Gwaggo kasonta, ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Ɗin."