Dokta Folere

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ilimin sinadarai ya fito daga cikin wayata ya yi wa manyan baƙi wanka a gidan biki.

Ni mai sayar da kayan babur ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma 'yata Hauwa ce ta janyo min. Tana lise, wato sakandare, sai ta ari wayata don ta kalli darasin shimi (haka suke kiran ilimin sinadarai a makarantarsu), ta maido min bidiyon bai ƙare ba. Na leƙa. Wasu 'yan ƙwallaye ne ja da fari suna yawo a cikin duhu, su riƙe hannun juna, su saki, wani malami mai sanyin murya yana cewa wai da su aka gina duniya. Shi ke nan, abin ya tafi da ni.

Daga ranar, in rana ta take kasuwa ta yi tsit, sai in jingina da tayoyi in shiga makarantar waya. Darasi na Faransanci in tsinci rabi, na Hausa daga Najeriya in haɗiye duka. Da yamma in tsaya kan gadar Binuwai ina kallon ruwa, ina ganin ƙwallayen nan suna rawa a cikinsa, har dorina in ta ɗago kai sai in ji tausayinta, ba ta san da me aka yi ta ba. Ina hango kaina cikin farar riga a jami'ar Maruwa, furfura tana sheƙi, ɗalibai na rububin riƙe min jaka. Na taɓa yi wa wani mai babur bayanin tsatsa har ya manta abin da ya zo saya (shi ya ce gudu ya yi, ni na ce nazari ya tafi yi).

To, uwargidana tana yin folere, zoɓo ke nan, tana sayarwa a ƙofar gida. Maƙwabciyarmu Mama Rebeka, mutumiyar Yagwa, za ta aurar da ɗanta, ta ba ta aikin abin sha na bikin gaba ɗaya. Wannan ne babban aikinta na farko, kuma duk matan da ke ba da irin wannan aiki za su hallara. Ta gargaɗe ni tun da safe, tana nuna jarkokin folere da muke kira bido: “Baban Hauwa, ɗauko bido kawai aikinka. Ka ajiye, ka zauna, ka ci shinkafa.”

Ni kuwa a satin na kalli wani darasi mai daɗi. Malamin ya ɗiga ruwan kanwa a ɗan kofin zoɓo, ya koma kore. Ya matsa lemun tsami, ja ya dawo kamar fitowar rana. Na kwana uku ina mafarkin launin nan. (Ƙarya nake, har da rana.) Saboda haka na je biki da ƙullin kanwa a aljihun dama, kwalbar ruwan lemun tsami a na hagu.

Ana cikin jiran amarya, mutane sun fara hamma, sai na miƙe. “Jama'a, ku ba ni hankalinku, yau za ku ga shimi da idonku!” Maimakon kofi, na jawo bidon uwargida, babba, mai haske, don na baya ma su gani. Na zazzage kanwa duka. Folere ya yi 'yar kumfa, ya rine, ya koma kalar ruwan kwata.

Kawun ango, wani dattijo cikin farin kwat, ya gyara tabarau. “Mesiye, wannan za mu sha?”

Uwargida ta taho da gudu, ludayi a hannu. “Baban Hauwa! Me ka zuba min?”

“Kwantar da hankalinki, Hajiya, yanzu zai dawo. Ilimi ne.”

Na juye lemun tsami, na murɗa murfi, na girgiza bidon da ƙarfina don ya haɗu sosai. Na ji yana kumbura a ƙirjina kamar mai numfashi. Hauwa ta yi ihu daga can, “Baba, kar ka buɗe!” Ni kuwa na ɗauka kishi ne irin na masana.

Na buɗe.

Wallahi na ga folere ya tashi sama ya wuce rumfa, ya ɗan tsaya yana kallon Garwa, sannan ya sauko. Gaskiyar malamin, ja ya dawo. Ya dawo kan kwat ɗin kawu, kan ɗankwalayen mata, kan shinkafa, kan faston da bai ce wa kowa komai ba. Ni kuwa kumfa na ta tsiyaya daga gemuna. Kawu ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce, “Usoko, mun gode, Dokta. Saura sabulu.”

Aka fashe da dariya, ban da uwargida. Ita ko kallona ba ta yi ba, ta kama hidimar ba Mama Rebeka haƙuri, sauran bidunan ta zauna a kansu kamar kaza kan ƙwai. Ni aka tura kai kwat wanki, a ƙafa, ina ɗigar ja a titi.

Ta yi sati ba ta ce min ko sannu ba, don ta tabbata sana'arta ta mutu. Ashe labari ya zaga gari. Yanzu matan biki har daga wasu unguwanni suke zuwa, sai dai kowace da sharaɗinta: “Hajiya, folere muke so, amma wanda babu Dokta a ciki.” Ita kuma ta amsa da fuska a ɗaure, “Wannan ya fi tsada, sai na kulle shi a shago.”

Har gobe ina kallon darussana, ƙwallayena suna nan suna rawa. Abin da na koya dai shi ne, kumfar cikin waya ba ta jiƙa kowa, ta cikin bido kuwa ba ta san fasto ba.