Katin Bikin Naa Dedei

"Duk wanda ke buga rubutu da kibod ɗin kanti, ina tausaya wa yatsunsa," in ji Tetteh Quaye. "Ni nawa da hannuna na haɗa shi, maɓalli bayan maɓalli."

Ka san Tetteh ai, ko ka san irinsa. Rigunan waya yake sayarwa a bakin gadar Circle a Accra, amma tun da ya kalli bidiyo uku a wayarsa ya naɗa wa kansa Injiniya. Sati shida yana jiran kayan haɗin. Da suka iso kuwa ya rufe ɗaki, ya hana kowa tari a gidan, ya dinga danna maɓallan cikin allonsu kamar mai cusa kaya a buhu.

Ana haka ƙanwarsa Naa Dedei, mai gyaran gashi da farce, ta zo da takarda a hannu. Bikinta saura kwana tara, mai buga kati kuma ya ce in rubutun bai iso masa kafin azahar ba sai wani satin.

"Yaya, ko in kai wa yarinyar shagon kwafi ta buga min?"

"Ina raye? Zauna ki ga aiki."

Gwaggonsu, Anti Adoley mai sayar da dokunu, tuwon masarar Accra, ta jawo kujera ta zauna da tiren barkononta, wai ita ma za ta ga abin da ya hana ta tari.

Injiniya ya murza yatsu, ya jona waya, fitilu suka kama ja da kore kamar motar haya. Ya hau bugu, ƙas-ƙas-ƙas, har kajin tsakar gida suka watse. Ya ɗaga kai ya dubi allon kwamfuta. Sunan amarya ya fito babu D ko ɗaya, sunan ango kuma rabinsa ya tsaya a hanya.

"Wace ce Naa Eei?" in ji Anti. "Ko ango wata ya samu ba mu sani ba?"

"Wutar unguwar nan ce ba ta da ƙarfi," ya ce.

Ya canja soket. Shiru. Ya hura maɓallan da baki, ya kife kibod ɗin ya bubbuga bayansa kamar jaririn da ya ƙware. Shiru. Sai ya ce matsalar a ƙwaƙwalwar na'urar take, ya sauko da wata manhaja ya ɗura mata. Nan take dogon maɓallin ba da tazara ya koma rubuta Q, duk inda ya taɓa sai Q ta fito jere kamar layin masu jiran mota.

"Ci gaba aka samu," in ji Anti. "Da ba ya magana, yanzu yana in'ina."

Da ƙyar ya mayar da manhajar farko. Ya ɗauko ƙarfen dalma ya sa a wuta, bai san inda zai ɗora shi ba. Ƙarshe dai ya ɗora shi a kan babban yatsansa da kuma mayafin Anti na zuwa coci da ke kan tebur.

Naa Dedei ta dubi agogo, ta buɗe jakarta ta zaro hantsakin cire gira. Ta fizge maɓallin D ta juya shi. Ƙananan ƙafafun tagulla biyu ne a ƙasansa, ɗaya ta lanƙwashe ta kwanta, ba ta ma shiga raminta ba. Ta miƙe ta, ta mayar a hankali, ta danna. D ta fito.

"Ƙarfi ka sa musu, Yaya, kamar mai dakan sakwara."

"Abin da nake shirin dubawa ke nan kika riga ni."

Ta gyara guda biyar, ta ce a gwada sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce injiniya da kunne yake gane lafiyar maɓalli. Ya buga katin, kansa a sama, ya tura wa mai bugawa, bai bar kowa ya karanta ba. Shi ya karɓo katunan, shi ya raba.

Ashe maɓallin sifili ma ƙafarsa a kwance take. Inda ya buga ƙarfe 10, 1 ce ta fito a katin.

Ranar Asabar ƙarfe goma fasto ya tsaya gaban kujeru ɗari biyu, mutum goma sha ɗaya ne a kai, su ma don da baki aka gaya musu. Amarya ta shigo tana waige, hawaye na wanke mata kwalliyar da ta yi da hannunta. Uwar ango kuwa ta tambayi Anti ko danginsu ba sa son auren ne.

Ƙarfe ɗaya daidai motoci suka fara sauke jama'a, kowa da katinsa, ana ta naɗe tabarmin coci. A tsakiyarsu ga Tetteh cikin sabon zanen kente, yatsa a naɗe da bandeji, yana baza murmushi. Shi ma katin ya duba.

"Yaya na ga ana kwashe furanni tun ba a fara ba?" ya ce.

Anti Adoley ta kamo hannunsa, ta juya shi gaban baƙi.

"Jama'a, ku daina neman sifilin da ya ɓata a katinku. Ga shi nan ya iso da ƙafarsa."