Ranar da Bayos ɗin Ajiya Ya Rufa Mini Asiri

"...lafiya lau, sai dai gumin nan naka ya fi ƙarfin gaisuwa. Injiniyan gwaggo, ina kwamfutata?"

Taubashiyata ce, 'yar kawuna, malamar lissafi. Jiya ta kawo a share mata ƙura kawai, tambayoyin jarrabawar ɗalibanta na ciki, yau ƙarfe sha ɗaya za a rubuta. Ni da iyayi na ce bari in sabunta mata bayos, wato ɗan karatun da kwamfuta ke fara yi kafin ta san ko ita wace ce. Ana tsaka da aikin wuta ta ɗauke. Tun daga nan kwamfutar ko tari ba ta yi ba.

"Tana hutawa," na ce.

"Hutawa? Fuskarta baƙi ƙirin kamar zuciyarka?"

"Injin da ya shekara yana kallon fuskarki ai dole ya suma."

"Ba kana da batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke ba?"

Ta bi wayar batirin da ido har ƙarƙashin tebur, ta ga fankata ce a jone.

"La ilaha! Ka cire ɗalibai sittin ka jona ƙeyarka?"

"Ƙwaƙwalwa irin tawa sai da iska."

"Iskar ce ma a ciki tun tuni. Saura minti arba'in, me zan ce wa shugabar makaranta?"

"Ki ce su yi lissafin da ka. Ai ke ma da yatsu kika ci taki."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna kan kwali, ta tallafe haɓa. Nan tausayinta ya kama ni, kunya kuma ta fi tausayin. Can sai ta ɗago.

"Tsaya. Ranar da muka je sayen allon cikinta, wanda kuke cewa bod, wa ya ce ni matsoraciya ce?"

"Mutane da yawa na faɗa."

"Kai ne! Mai shagon ya ce wannan bayos biyu gare shi, in ɗaya ya lalace na ajiya ya tashi. Ka ce almubazzaranci ne, gwani irinka ba ya kuskure, ni kuwa na dage sai da muka saye shi."

Wallahi na manta sarai. Na kwance murfin, na haska tocila, ga ɗan makunni nan kamar ƙwayar shinkafa. Na tura shi gefe, na jona batirin, na danna. Fankar ciki ta juya, fuska ta kawo haske.

"Kin ga aikin gwanaye?"

"Gwanin da sai malamar lissafi ta nuna masa makunni! Gwaggo ta yi asarar kuɗin makaranta."

"Gwada ki nake yi."

"Kai ma da Allah Ya sa an haɗa ka da ƙwaƙwalwar ajiya, da dangi sun huta."

Injin buga takarda ya fara fitar da tambayoyi, tana tattarawa tana hararata. Na ɗauko batirin na ɗora mata a kan kwali.

"Tafi da shi, kyauta. Na sallama. An haɗa ni da ta ajiyar, 'yar kawu, a gidanku aka ajiye ta."

Ta kwashe da dariya har takardu na zubewa.

"To ɗauko ka biyo ni. Fankar ma cire ta, ajina akwai zafi."