Famfon Sola Ya Cika a Hannuna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni mai gyaran rediyo da ke bayan makaranta, wanda aka damƙa wa kula da marigayi tun ranar da aka zura shi cikin rijiya, nake sanar da jama'ar garinmu da ta ƙauyen tsallaken kwari rasuwar famfonmu na sola. Ya cika ranar Talata da rana ta fara karkata, yana bakin aikinsa, a ƙasan rijiyar burtsatse, mita sittin ƙarƙashin ƙafafunmu. Shekararsa huɗu da wata bakwai. Babu wanda ya ga fitar ransa, domin babu wanda ya sake ganin fuskarsa tun da aka saukar da shi. Mun dai ji ya yi shiru.

Ba zan yi masa addu'ar da ake yi wa ɗan Adam ba. Na san ƙarfe ne da waya. Amma na ga an rubuta doguwar ta'aziyya ga mutanen da ba su taɓa miƙa wa kowa ko kofin ruwa ba, sai na ga shi ma ya cancanci tasa.

Marigayi ya iso garin nan a bayan mota, a naɗe cikin kwali, tare da allunan sola goma sha biyu, da tanki, da wani akwatin ƙarfe mai fitilu uku, kore da rawaya da ja. Wata ƙungiya ce ta kawo shi, ta ce garinmu zai zama ƙauyen zamani. Da suka nemi wanda zai kula da shi aka nuna ni, ba don ilimi ba, domin a aji huɗu na bar makaranta, sauran karatuna a bayan rediyo da takardun da ke zuwa cikin kwali na tsince shi. Injiniyansu ya koya mini aikin cikin kwana biyu, ya ba ni makullin akwatin. Abu ɗaya ya maimaita har sau uku. Ya ce a cikin rijiya, sama da famfon da kamu biyu, an rataye wata 'yar na'ura mai kamar yatsa. Aikinta jin ruwa. Idan ruwa ya ja baya ya bar ta a bushe, jar fitila za ta kama, famfon ya tsaya har rijiya ta sake tarawa. Ya ce ruwan da famfo yake turawa shi ne yake sanyaya shi, in ya ja iska zai ƙone. Ya ce kome za a yi, kada a taɓa yatsan nan.

Halayen marigayi sanannu ne. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa busa wa kowa hayaƙi ba. Rana na taɓa allunan, akwatin zai ce tak, in ka kara kunne a jikin bututu ka ji wani hmmm mai laushi yana tasowa daga ƙasa, can kuma ka ji shaaa a cikin tanki. Da wannan shaaa ɗin mata suke sanin lokacin fitowa. Bai san gidan mai hali ba, bai san na talaka ba. Kafin zuwansa tafki muke sha, tafiyar awa biyu zuwa da dawowa, inda shanu ma suke sha. Bayan zuwansa aka ja bututu zuwa ɗakin shan magani, aka shimfiɗa siraran bututun ɗigo a lambuna har muka ga ganye kore a tsakiyar rani, 'yan mata suka fara isa aji kafin a buga ƙararrawa. Uwar 'ya'yana ta daina ɗaure wuyanta da tsumma kafin ta kwanta. A shekaru huɗun nan ƙananan kaburbura uku kawai muka haƙa. A da, rani ɗaya kan ci fiye da haka. Ba na cewa aikinsa ne duka. Na dai ƙirga.

Aibi ɗaya jama'a suka gani a gare shi, wato hutun nan da yatsa ke sa shi. Tela, maƙwabcina, ya raɗa masa suna ma'aikacin ofis, wai da rana ta take sai ya rufe taga ya ce a dawo an jima.

Ciwon ajali ya fara ne a wannan rani, wanda ya yi tsawo fiye da yadda muka saba. Rijiyar ƙauyen tsallaken kwari ta rufta, mutanensu suka fara zuwa da jarkoki, wasu a ka, wasu a jaki. Ruwa ya yi ƙasa. Marigayi ya koma hutawa sau huɗu, sau biyar a yini, kowane hutu kusan awa guda, tanki ba ya kai rabi. Kwamitin ruwa ya zauna, Yayana ne shugabansa, aka yanke cewa 'yan gari su fara ɗiba, baƙi su jira abin da ya rage. Ba na zargin kwamiti. Sai dai ba a taɓa samun abin da ya rage ba.

Cikin masu jiran akwai wata tsohuwa mai jarka ɗaya. Ba ta roƙo, ba ta shiga rigimar layi. Takan kife jarkarta ta zauna a kai tun safe. Kwana biyu ta koma da ita yadda ta zo. A rana ta uku, ina tsaye ina kallon jar fitila, ta ce da ni, "Ɗan nan, ba komai. Ka dai gaya mini in zauna ko in tafi. Ƙafata ba ta son tafiyar banza."

Ni kuwa na san abin da ba ta sani ba. Na san akwai ruwa kamu biyu a ƙarƙashin yatsan, yana kwance. Na ce a raina, yatsan nan bai san komai ba sai jiƙa da bushewa, ni kuwa ina da kunne da hankali. Me zai hana in zama yatsansa? In tsaya da kunnena a bututu, da na ji ya fara jan iska in kashe shi da hannuna. Na ciro guntun waya daga wani mataccen rediyo, na buɗe akwatin, na haɗa bakin wayoyin yatsan biyu. Jar fitila ta mutu, kore ta kama. Tsohuwa ta tafi da jarkarta cike. Tela ya ce ashe ma'aikaci ya ji labarin za a yi kora. Yaya ya zo ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce shi bai ga komai ba, ya wuce.

Kwana goma sha tara na yi ina wannan gadin, kuma cikinsu babu wanda ya koma gida da jarka wofi, ɗan gari ko baƙo. Ina so a rubuta wannan ma a tarihin marigayi. Su ne kwanakin da ya fi yin aiki a rayuwarsa.

Ranar Talata na ji tarin. Ba zan ce ban ji ba. Hmmm ɗin ya koma gwar-gwar, kamar mai shaƙewa, ruwan da ke fita ya zo da yashi. Hannuna yana kan makunni. Na ɗaga kai na ga saura mutum bakwai a layi, tanki kuma ya kusa ƙarewa, rana ta fara karkata. Na ce bari bakwai ɗin nan su samu. Biyar suka samu. Daga nan rawayar fitila ta yi ta ƙyaftawa, bututun da ke kunnena ya yi tsit. Na kashe, na jira, na kunna. Akwatin ya ce tak, ƙasa ba ta amsa ba.

Marigayi ya bar allunan sola goma sha biyu, waɗanda har yau suke fuskantar rana suna tara abin da ba su da wanda za su ba. Ya bar tanki guda, da ruwa iya idon sawu a cikinsa, wanda aka kulle domin ɗakin shan magani. Ya bar bakin famfo shida, da lambuna ashirin da ɗaya da ganyensu ya fara sunkuyawa. Ya bar garuruwa biyu. Ya bar ni da makulli.

Ya kuma bar takarda guda, wadda ita ce ta hana ni sakat. Garantinsa shekara biyar ne, saura wata biyar. Ƙungiyar ta ba mu fom mai layi ɗaya da aka rubuta dalilin lalacewa. In mutuwar Allah da Annabi ce, za su kawo sabo cikin makonni. In an taɓa yatsan, babu ruwansu. A da akwai layin waya a cikin akwatin da ke kai musu rahoton komai, amma ya daina aiki tun bara, ba a sabunta shi ba. Injiniya ɗaya ne a kan ƙauyuka arba'in, abin da aka rubuta masa shi yake sa wa hannu. Ke nan babu mai shaida sai birona.

Masu ta'aziyya sun zo, kuma ina gode musu. Yaya ya zauna a kan bencin shagona ya ce, "Rubuta tsawa." Na ce wata biyar rabon da a ga gajimare. Ya ce, "To rubuta ɓera, ya ci waya." Tela ya ce, "Ɓeran da ya zo da makulli ya buɗe, ya gama ya rufe." Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya ce, "Kai dai tun kana ƙarami sai ka mai da abu mai sauƙi lissafi. Kalma ɗaya ce. Ka zare wayarka ka jefar, mu duka ba mu ga komai ba."

Uwar 'ya'yana ba ta ce in rubuta kaza ba. Tana wanke tsofaffin jarkokinmu da muka ajiye shekara huɗu, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Malam, gaskiyarka ba ta da nauyi a kanka. A kaina za ta hau, lita ashirin, sau biyu a rana."

Na juya maganar nan ta kowace fuska. In na rubuta ɓera, wa na cuta? Na farko, wani ƙauye cikin arba'in ɗin, wanda nasu zai mutu da gaske su tarar ƙungiya ta ba mu famfon da ta ajiye. Ban san su ba, kuma na lura cutar wanda ba ka sani ba ta fi sauƙin haɗiya. Na biyu, sabon famfon. Za a zura shi cikin rijiyar nan dai, ruwa yana ƙasa, garuruwa biyu suna layi, kuma yanzu kowa ya koyi cewa guntun waya yana kawo ruwa, kalma ɗaya tana kawo famfo. Ba zai ga wani rani ba. Ciwon da ya kashe marigayi bai mutu tare da shi ba, yana nan a rijiya, kuma in na ce ɓera ne, babu wanda zai taɓa sanin cewa rijiya ɗaya ce take shayar da gari biyu.

Amma ban yarda da kaina ba. Wataƙila duk wannan lissafin ado ne, abin da nake so kawai in wanke hannuna, da ruwan da wasu za su ɗauko. Hankalin nan nawa shi ne ya ce mini na fi yatsa sanin aiki. Malamar ɗakin shan magani ta ce tun da aka koma tafki an kawo mata yara biyu da gudawa. In ɗayansu ya tafi, ba ni da layin da zan rubuta dalili. Ban warware wannan ba, kuma ba na jin zan warware.

Duk da haka na cike fom ɗin. Na rubuta cewa ni na haɗa wayar, na rubuta ranar, na rubuta dalilin. Layi ɗaya bai isa ba, na juya bayan takardar na ba da labarin rijiyar da ta rufta da yawan jarkokin da ke zuwa. Na rubuta cewa na ji tarin ban kashe ba. Na roƙe su kada su hukunta gari da laifin mutum ɗaya, in kuwa dokarsu ba ta da wurin wannan roƙo, su zo dai su auna rijiyar. Ban san abin da za su yi ba. Suna iya ninke takardar su sa a durowa. Na manna wannan sanarwa a jikin tanki domin kada wani ya sha wahalar neman wanda zai zaga.

Za a fito da gawar marigayi ranar Alhamis da safe, kafin rana ta yi zafi. Ana bukatar maza takwas a kan igiya, domin shi da bututunsa suna da nauyi. Zuwa yanzu huɗu ne suka amsa. Yaya yana cikinsu, ya aiko a gaya mini wawa ne ni, amma ƙaninsa ne. Tela ya ce bayansa na ciwo. Ana neman sauran huɗun, ko daga tsallaken kwari.

Ba za a binne shi a gida ba. Za a ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan ni kaɗai zan raka shi ofishin ƙungiyar, da fom ɗin, da makullin akwatin, wanda zan miƙa ga duk wanda suka ga ya fi ni. In na dawo, ana samuna a hanyar tafki da keke da jarka huɗu, biyu na gidana, biyu na duk wadda ƙafarta ta fi gazawa.

Za a yi zaman makoki a gindin tanki har kwana uku. An ɗauke wa mata zuwa, mun san inda suke. Wanda ya zo da magana a bakinsa ya faɗa, ina nan zaune. Iyalan marigayi suna ba da haƙuri, ba za a iya ba masu ta'aziyya ruwan sha ba. Kowa ya zo da nasa.