Takardun da Na Binne a Gonar Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kwashi Dakta da rabin ajinmu zuwa gonar albasar kawuna a Jiga Birni, wai su je su ga abin al'ajabin da na gano. Sun kuwa gani.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Aliero, kuma binciken da zan kammala da shi shi ne in gwada wanne ya fi saurin ruɓewa a ƙasa, takardar ƙunshi ko leda. Na bi masu tsire a Jega na roƙi takardar buhun siminti da suke naɗe nama, na je tashar Maiyama na tattaro tsohuwar jarida wajen masu ƙosai (wata tsohuwa har ta haɗa min da ƙosai, ta ɗauka yunwa ce ta sa ni kame-kame). Kowace takarda na rangaɗa mata lamba da jan biro.

Saura wurin binnewa, sai gonar Kawu ta faɗo min a rai. Ban tambaye shi ba, don Kawu in ka je gaishe shi da safe, sai azahar ta riske ka yana ba ka tarihin albasa. Na yi sammako na haƙa rami a kusurwa huɗu na gonar, na binne takardun, na kafa wa kowane rami tsinke da jan ƙyalle don kar ya ɓace min. Ledar kuma na binne ta gefen rijiya na ɗora dutse. (Na san mai karatu ya riga ya hango inda aka dosa. Ni ban hango ba.)

Ko wata bai cika ba na koma na tone. Leda tana nan yadda na sa ta. Takarda kuwa ko ƙyallinta babu! Na yi tsalle ni kaɗai cikin albasa. Na rubuta cewa ƙasarmu tana cinye takarda ƙurmus cikin 'yan kwanaki, na cika aji da baki, har na fara tunanin rigar da zan sa in 'yan jarida suka zo.

Dakta, malamin da ke duba aikina, ya karanta ya cire tabarau.

"Ko ɗan ɓurɓushi ba ka samu ba? A duk ramukan?"

"Ko ɗaya, Malam."

"To, ba zan sa hannu ba sai na ga wurin da idona."

In bai sa hannu ba, babu kammalawa a shekarar. Amma ko gezau ban yi ba. Ni da bakina na gayyato 'yan ajinmu.

Muka tarar da Kawu yana ban ruwa. Bayan doguwar gaisuwa, Dakta ya nuna wani tsinke ya ce, "Baba, akwai wanda ya taɓa wurin nan?"

Kawu ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya.

"Ai Dakta, Allah ad da mu. Wani maƙiyi yab binne muna asiri kusurwa huɗu na wagga gona don albasa ta lalace. Takardu duk maiƙo, da jan rubutu. Ni da kaina nit tone su, nik kai ma malamin garinmu, yac ce bai taɓa ganin irin wanga hatimi ba. Munka ƙone su."

"Tsinkayen fa?" in ji Dakta.

"Na bar su don in kama mai shi in ya dawo. Ranar kasuwar Jega kaɗai nit tahi, ranar ko la'anannen yaz zo yat tone." Sai ya juyo gare ni, ya ga ina ta zufa. "Kai ɗana, mi as same ka kake zuhwa haka?"

Na ji kamar in shige ɗaya daga cikin ramukan in ja ƙasa in rufe.

"Kawu, ni ne."

"Kai na mi?"

"Ni ne maƙiyin."

Wata 'yar ajinmu ce ta fara sheƙewa da dariya, sauran suka kama. Dakta, da ba mu taɓa ganin haƙorinsa ba, sai da ya zauna kan buhu yana share hawaye. Kawu ya yi salati, ya dube ni ya sake yin salati, sannan shi ma dariyar ta kwashe shi. Ashe har ya daina amsa gaisuwar maƙwabcinsa na gona, don shi yake zargi. Da yamma ya tasa ni gaba muka je ba shi haƙuri.

Dakta ya yarda in sake gwajin daga farko, da sharaɗin in rubuta abin da ya faru a cikin aikin. Wannan karon Kawu ne mai gadin ramukan, ko akuya ba ta isa ta ratsa ba. Takardar ta daɗe kafin ta ruɓe, mai maiƙon ta fi jinkiri, babu wani abin al'ajabi. A kan wannan sakamakon marar armashi Dakta ya sa hannu.

Har yau 'yan ajinmu Boka suke kira na, ina kuma amsawa. Tun daga nan, duk sakamakon da ya yi min daɗi fiye da kima, kafin in yi tsalle sai na je na gaida mai gona tukuna, ko da zai riƙe ni har azahar.