Cindo da Injinan Yayansa

A unguwarmu ta Bayan Tasha akwai wani gida mai mutum uku: Inna Kande, da babban ɗanta Barau, da ƙaninsa Cindo. Barau shi ne mai wayon gidan, wayonsa ne ma ya sa ya sayar da gonar gadonsu ya sayo janareta da injina biyu masu haƙo kuɗin intanet, wai kirifto. Cindo kuwa, abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Tun da na bar makaranta a aji biyu ban sami abin wasa kamarsa ba. Inna dai ba ta da magana sai ɗaya: me za a ci bana, tunda babu gona?

Wata rana Barau zai fita, ya ce wa Cindo idan injin ya ɗau zafi ya sanyaya shi maza. Da rana ta take, Cindo ya taɓa ɗaya ya ji kamar tanda. Ya cicciɓe shi ya tsoma a randar Inna, har da rufe murfi don kada akuya ta sha.

Injin ya mutu. Barau ya tafi Kano neman wani injin, ya dawo hannu rabbana. Masu shago sun gaya masa ma'aikatan ramin jan ƙarfe a wata ƙasa mai nisa sun shiga yajin aiki, don haka waya da inji da duk abin da ke da jan ƙarfe a ciki sun ninka kuɗi. Inna ta tambaya ko mutanen nan sun san da ita.

Wata rana na sami Cindo yana zuba mai a janareta, na ce masa ai ya ji da kunnensa, idan ma'aikaci ya ƙi aiki kaya daraja suke yi. Ya ajiye jarka, ya nemi inuwa ya naɗe ƙafa. Yini guda injin a kashe. Da Barau ya dawo yana kumfar baki, Cindo ya dube shi da murna ya ce, "Yaya, nawa ya kai yanzu?" Marin da ya sha, ni ma daga bayan katanga na ji shi.

Wata rana kuma, damina ta sauka, maƙwabta duk sun tafi shuka, Barau ya tashi da baƙin rai. Ya shuri mataccen injin ya ce, "Duk abin da bai taɓa kawo ko sisi ba a ɗakin nan, ka kai wa mai gwangwan." Ya fice. Cindo ya tsaya ya yi tunani iya ƙarfinsa. Ya ari baro ya loda mataccen, ya loda mai ran, ya ɗora janareta, ya kwance wayoyin bango kaf. Mai gwangwan, wato mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya auna da farashin yajin aiki, Cindo ya miƙa wa Inna kuɗin a ƙulle, ita kuwa ba ta tsaya tambaya ba, ta sayo buhunan gero.

Dukan da Cindo ya sha ranar, sai da liman ya shiga tsakani.

Ba a jima ba manhajar da ake tara kirifton ta rufe da dukiyar kowa a ciki. Yajin aikin ma ya ƙare, jan ƙarfe ya faɗi, samarin garin masu harkar kirifto suka rasa mai sayen injinansu ko a kilo. Barau ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da kowa, sannan ya zo da labarin wani sabon kirifto, buhu ɗaya kawai yake so ya sayar ya shiga da wuri.

Inna ba ta kalle shi ba. Ta ce, "Cindo, hau buhun nan ka zauna. Kada ka sauka sai na ce."

Barau ya yi lallashi, ya yi zagi, ya rantse riba ninki goma ce. Cindo yana sama yana kaɗa ƙafa, kumatunsa a kumbure, ya ce, "Yaya, ba ta ce ba tukuna."