Alhaji Shitu, Abokin Rajistara

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar bakin masallacin unguwarmu a Funtuwa ya san Alhaji Shitu. A bayan idonsa muna ce masa Bari-in-kira-shi. Ka ce an ɗauke wuta, sai ya zaro waya: "Bari in kira manajan." Ka ce damina ta yi jinkiri bana, wallahi sai ka ga hannunsa ya nufi aljihu kafin ya tuna. Babu wani babba a ƙasar nan da bai sani ba. Sai dai duk wanda ya kira, ko yana mitin ko yana cikin jirgi.

To, bara ɗansa Mudassir ya samu gurbin karatun likita a wata jami'a da ba zan kama sunanta ba, irin wadda sai yaro ya sha baƙar wuya kafin ya shiga. Yaron da guminsa ya samu. Karatu ya yi har ya rame, wuyansa ya koma kamar mariƙin lema. Amma ka zo majalisa ka ji uban.

"Waya ɗaya na yi," in ji shi. "Rajistaran da ke sa hannu a ɗauki ɗalibai ai abokina ne. Tare muka tashi. Tare aka yi mana kaciya, wanzami ɗaya, rana ɗaya. Shi ya yi ta kwarara ihu, ni ko gezau."

Wannan labarin kaciya mun ji shi har mun haddace. Liman ma ya ji shi, don a gabansa aka fi ba da shi.

Maƙwabcin Alhaji kuwa shi ne Malam Jatau mai hatsi. Mutum ne da ba ya dariya, ba ya musu. Ka ce masa ka ga jaki yana tuƙa tirela, zai ce maka, "To." 'Yarsa Kubura ita ma likitancin ta nema a jami'ar nan, maki kaɗan ya hana ta. Aka sa ta cikin masu jiran tsammani, wato in wani da aka ɗauka ya ƙi zuwa, a kira na gaba. Yarinya ta daina cin abincin kirki. Wayar gidansu ta yi ƙara ko da kuskuren lamba ne, sai ta zabura.

Jatau ya zo ya durƙusa gaban Alhaji a majalisa. "Alhaji, a taimaka a sa baki."

"Wannan ne kawai? Bari in kira shi." Ya kara waya a kunne, ya miƙe, ya yi 'yan taku. "Kai, mutumina! Kana mitin? To, Kubura Jatau. Ka rubuta. Kar ka ba ni kunya." Ni ina kusa da shi, na ga fuskar wayar baƙa ƙirin, ko kunna ta bai yi ba.

Jatau ya ce, "To. Allah ya saka."

Ana nan, lokacin rajista ya zo. Yara suka yi ta tafiya da iyayensu, ana bin layi cikin rana. Mudassir ya haɗa jakarsa ya zo wajen uban, don takardunsa duka suna cikin durowar Alhaji a kulle.

"Baba, an ce ranar Juma'a za a rufe."

"Za a rufe wa 'ya'yan wasu. Kai ɗan wa ne?"

"Baba, an ce ba sa ƙara wa'adi."

"Kai, tafi ka ba ni wuri! A ƙasar nan ka taɓa ganin wa'adin da ba a ƙara ba?"

Gaskiyar magana, Alhaji ya riga ya faɗa a majalisa cewa ɗansa ba ya bin layi, sai an watse zai kai shi kai tsaye ofishin abokinsa a sha shayi. In aka gan shi ya kwashi yaro sun tafi da wuri, bakinsa ya mutu. Dabararsa ita ce ya jira a ƙara wa'adin, ya lallaɓa ya bi layin ba wanda ya sani.

Ana cikin haka, wata la'asar muna zaune, sai wayar Alhaji ta yi ƙara. Ƙara ta gaske. Shi kansa sai da ya firgita. Da ya ji an ce daga jami'a ne, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya danna sifika don kowa ya sha.

Muryar mace ce, a natse. "Da mahaifin Mudassir Shitu nake magana? Yaron bai zo rajista ba, kuma Juma'a muke rufewa. Akwai masu jira, shi ya sa na ce bari in kira kafin..."

"Dakata, yarinya. Ke sakatariya ce ko masinja?"

"Alhaji, ai ni ce..."

"Ba na magana da yaran ofis! Je ki ce wa Rajistara, Shitu ya ce in ya isa, ya ba wani kujerar."

Ƙit! Ya kashe. Wani ya ce, "Kai, Alhaji!" Shi kuwa ya gyara hula, ya ce a kawo shayi.

Juma'a ta zo ta wuce. Farkon mako sai ga guɗa daga gidan Jatau, ayyururui! An kira Kubura, gurbi ya samu, ta zo maza ta yi rajista. Kafin guɗar ta sauka Alhaji ya iso majalisa, babbar riga na jan ƙasa.

"Me na ce muku? Waya ɗaya!"

Mu kanmu jikinmu ya yi sanyi. Ni da na ga wayar a kashe, na fara tunanin ko idona ne.

Matsalar ita ce Jatau mutumin da ne. A wajensa, in aka yi maka alheri ba a godiya ta waya. Sai ka sa kayanka masu kyau, ka ɗauki dattijo, ka riƙe wani abu a hannu, ka taka har inda mai alherin yake. Ya sayo zabi biyu masu ƙiba da ƙwaryar goro, ya ɗauki shatar mota, ya gaya wa Liman, ya ce ni ma in zo in riƙe zabin. Da safe muka yi sallama ƙofar Alhaji.

"Ina zuwa haka?"

"Godiya wajen abokinka. Kai za ka yi mana jagora," in ji Jatau.

Alhaji ya yi tari. "Ai ba ya son godiya. Mutum ne mai gudun duniya."

"To. Mu dai mu sauke nauyi."

"Ina jin ma ya tafi Umara."

"To. Sai mu bar wa iyalinsa."

"Ga bayana kuma tun jiya..."

"An bar maka gidan gaba."

Sai ga Mudassir ya fito da jaka a kafaɗa. Uwarsa ce ta turo shi, ta ce tunda wajen Rajistara za a je, a tafi da shi a gama rajistar gaba ɗaya. Alhaji ya duba gabas, ya duba yamma, ya koma ciki ya ɗauko takardun yaron ya shiga mota. Duk hanya bai kira kowa ba.

Abin da ya dogara da shi, ofishin manya ba ya shiguwa. Sakatare zai tare mu, a ce ana mitin, shi kuma ya yi faɗan ƙarya mu juyo. Ai kuwa sakataren ya tare mu. Amma zabin nan da suka ji sanyin ofis sai suka ɓarke, kurkyat! kurkyat! kurkyat! Ƙofar ciki ta buɗe, wata mata mai gilashi da farin mayafi ta leƙo, za ta yi sa'ar ƙanwar Alhaji.

"Lafiya? Bismillah, ku shigo, Malam," ta ce da Liman.

Muka shiga. Alhaji ya samu kujera ya harɗe, ya ce, "Yarinya, maigidan naki ya fita ne?"

Ta zagaya bayan babban teburin ta zauna. "Ni ce Rajistara."

Liman ya dubi matar, ya dubi Alhaji, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Jatau ya matso kusa da kunnen Alhaji, a hankali, amma duk mun ji.

"Alhaji, ita ce ta yi ihun?"

Alhaji ya ce, "Canji aka yi. Sabuwa ce."

"Na daɗe a kujerar nan," in ji ta. Sai ta cire gilashi ta ƙura masa ido. "Tsaya. Wannan muryar na san ta. Kai ne mahaifin Mudassir Shitu?"

Gumi ya keto wa Alhaji, ga na'urar sanyi tana ta aiki.

"Ni na kira ka. Ba na son in karɓe gurbin likita daga hannun yaro ban ji daga gidansu ba. Ka ce in na isa in ba wani. To, na duba, na ga na isa. Wadda ke gaba a masu jira ita ce Kubura Jatau."

Jakar Mudassir ta faɗi ƙasa, tim. Wallahi yaron nan ya ba ni tausayi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya ce, "Hajiya, ni fa yanzu?"

"Kai ba ka da laifi, ɗana. Zan sa ka cikin masu jira. In an samu wani uban irin naka, zan kira ka." Ta juya wajen Jatau. "Malam, ɗauke zabinka, ba na karɓar komai. Ni aikina na yi. In godiya za ka yi, ga wanda ya ba ka kujerar nan zaune."

Jatau ya ce, "To."

Ya karɓi zabin daga hannuna, ya tako har gaban Alhaji, ya durƙusa, ya ɗora masa su a cinya, ya ajiye goron a gefen ƙafarsa. Fuskarsa ko alamar murmushi babu.

"Alhaji, ka yafe mini. Da ka ce kai ka samo mata, a raina ban yarda ba. Ashe har ta ɗanka ka cire ka ba mu." Ya waiwayo. "Liman, a yi masa addu'a."

Liman ya ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga. Alhaji ne kaɗai bai shafa ba, hannayensa duka biyu suna riƙe da zabi.